Dalilin da ya sa daidaita maganin raunin tayirod yake ɗaukar watanni

Mutumin da aka gano yana da raunin tayirod yakan fito daga wurin likita da wata 'yar ƙwaya wadda ba ta kai girman wake ba, tare da umarnin ya riƙa shan ta kullum da safe, ya dawo bayan mako shida ko takwas a sake auna jininsa. Kafin mako biyu su cika sai ya fara tantama, domin kasalar da ta kai shi asibiti tana nan, sanyin da yake ji a lokacin da kowa ke gumi bai ragu ba, fatarsa tana nan a bushe, cikinsa kuma bai saki ba. Daga nan wasu sukan ƙara rabin ƙwaya da kansu, wasu kuma su watsar da maganin su ce bai karɓe su ba. Duka biyun kuskure ne, kuma tushensu ɗaya, wato rashin sanin yadda wannan magani yake tafiya a jiki da kuma abin da likita yake dubawa kafin ya ƙara ko ya rage.

Tayirod wata tsoka ce mai fasalin malam-buɗe-littafi da ke gaban wuya, a ƙasan maƙogwaro, kuma ita ce take kumbura ta zama abin da Hausawa suka daɗe da sani da sunan maƙoƙo. Aikinta shi ne ta ɗauki sinadarin aidin daga abinci ta sarrafa shi zuwa sinadarai biyu da ake kira T4 da T3, waɗanda suke tsara saurin aikin kusan kowace gaɓa, tun daga bugun zuciya da ɗumin jiki har zuwa motsin hanji da kaifin tunani. Mafi yawan abin da take fitarwa T4 ne, wanda yake zama kamar ajiya, sannan hanta da ƙoda da sauran gaɓoɓi su riƙa mayar da shi T3 gwargwadon buƙata. Shi ya sa maganin da ake bayarwa a yau, wato lebotayiroksin, wanda ake sayarwa da sunaye irin su Euthyrox da Eltroxin da Synthroid, T4 ne zalla, a bar wa jiki ya ƙarasa sauran aikin. An daɗe kafin a kai ga wannan sauƙi. A shekarar 1891 likita George Murray a Ingila ya yi wa wata mata jinya da ruwan da aka tatso daga tayirod ɗin tumaki, a 1914 Edward Kendall a Amurka ya ware sinadarin shi kaɗai, sai a 1927 Charles Harington da George Barger suka haɗa shi a ɗakin gwaji.

Abin da ya fi rikitar da marasa lafiya shi ne awon da ake dogaro da shi, mai suna TSH, domin lambarsa tana tafiya ne a juye. TSH ba daga tayirod yake fitowa ba. Wata 'yar tsoka ce a ƙasan ƙwaƙwalwa, mai suna fituwitari, take sakin sa don ta umarci tayirod ta yi aiki, kamar uwar da take kiran yaro daga tsakar gida: idan ya amsa da wuri tana magana a hankali, idan kuma ya yi shiru sai ta ɗaga murya. To, idan aka ga TSH ya hau, ma'anarsa sinadarin tayirod ya yi ƙaranci kuma ana buƙatar ƙarin magani, idan kuma ya faɗi ƙasa sosai, maganin ya yi yawa. Yawancin ɗakunan gwaji suna ɗaukar tsakanin 0.4 da 4.0 ko kusa da haka a matsayin daidai ga babban mutum, ko da yake kowane ɗakin gwaji yana rubuta nasa iyakokin a gefen sakamako. Dalilin fifita wannan awo shi ne ɗan ƙaramin sauyi a T4 yana haifar da babban sauyi a TSH, saboda haka yana nuna gibin da awon T4 kansa ba zai nuna ba tukuna.

Adadin da ake farawa da shi ya danganta da nauyin mutum, da shekarunsa, da lafiyar zuciyarsa, da kuma yawan aikin da ya rage wa tayirod ɗinsa. Wanda aka yi wa tiyata aka cire tsokar gaba ɗaya saboda maƙoƙo ko ciwon daji, duk abin da jikinsa yake buƙata daga ƙwaya zai fito. Mai cutar Hashimoto kuwa, wadda garkuwar jiki take cin tayirod sannu a hankali, kuma aka raɗa mata sunan likitan Japan da ya bayyana ta a 1912, sau da yawa yana da sauran aiki a tsokar, don haka buƙatarsa takan fara da kaɗan ta riƙa ƙaruwa cikin shekaru. Ƙa'idar da likitoci suke amfani da ita ga babban mutum mai ƙarfi wanda tayirod ɗinsa ta gaza sosai ita ce kimanin mikirogiram 1.6 ga kowane kilo na nauyinsa a rana. Mace mai kilo 70 ke nan za ta buƙaci wajen mikirogiram 112, kuma tun da ƙwayoyin da aka fi samu na 25 ne da 50 da 100, ana iya fara mata da 100 a ga abin da jini zai nuna. Tsoho ko mai ciwon zuciya ba a yi masa haka. Ana fara masa da 25, wani lokacin ma 12.5, domin zuciyar da ta saba da tafiyar hawainiya tsawon shekaru, idan aka zaburar da ita rana ɗaya, tana iya amsawa da ciwon ƙirji ko rikicewar bugu. Yana da kyau a lura cewa da mikirogiram ake auna wannan magani, kuma mikirogiram 100 daidai yake da miligiram 0.1, domin wasu kwalaye da takardun likita da miligiram suke rubutawa.

Maganar jiran mako shida ba jan rai ba ne irin na asibiti, lissafi ne. Idan mutum ya sha lebotayiroksin, sai bayan kimanin kwana bakwai rabinsa yake barin jini. Wannan jinkirin fita shi ne kuma yake jawo jinkirin cika. Wanda ya fara sabon adadi yau, bayan mako ɗaya ya kai rabin matakin da adadin zai kai shi, bayan mako biyu ya kai kashi 75 cikin ɗari, bayan uku wajen 88, kuma sai a mako na biyar ko na shida ne matakin yake tsayawa cak. Ita ma fituwitari tana ɗaukar nata lokacin kafin ta sassauta murya, musamman idan ta daɗe tana kira. Idan aka auna jini a mako na biyu aka ga TSH yana sama aka ƙara magani, an ƙara ne a kan abin da bai gama isowa ba, kuma wata guda bayan haka mutumin zai dawo da faɗuwar gaba da rawar hannu. Alamomin ma ba tare suke tafiya ba: kasala da kumburin fuska sukan fara sauƙi cikin makonni, amma gashi da fata suna iya ɗaukar watanni kafin su dawo yadda suke.

Idan lokacin gyara ya yi, da kaɗan-kaɗan ake yi, yawanci mikirogiram 12.5 zuwa 25 a kowane mataki, sannan a sake jiran wasu makonni shida zuwa takwas. Daɗewar maganin a jini tana ba da wata dama mai amfani a inda ba a samun ƙwayoyi masu matsakaicin ƙarfi, domin abin da jiki yake lura da shi jimillar mako ce. Mai shan 100 kullum yana shan 700 a mako. Idan likita ya ce ya ƙara ƙwaya ɗaya ranar Juma'a, jimillar ta koma 800, wato kusan 114 a rana, ba tare da an nemi wata sabuwar ƙwaya ba. Haka kuma wanda ya manta bai sha ba jiya, shawarar da wasu likitoci suke bayarwa ita ce ya rama, maimakon ya bar makon da gibi. Da zarar an dace da adadin da ya tsayar da TSH a daidai, awo sau ɗaya a wata shida, daga baya sau ɗaya a shekara, yakan wadatar, sai dai in wani abu ya sauya, kamar ƙiba ko rama mai yawa, ko juna biyu, ko fara wani sabon magani.

A ganina, nan ne aka fi yin sakaci. Idan aka ga TSH ya hau ga wanda ya daɗe a kan adadi ɗaya, hannu yakan yi saurin kai wa ga alƙalami a ƙara lamba, alhali tambayar da ya kamata a fara yi ita ce yadda mutumin yake shan maganin. Ko a kan cikin da babu komai, abin da hanji yake tsotsa daga ƙwayar bai wuce kashi 60 zuwa 80 cikin ɗari ba, kuma abubuwa da dama suna rage wannan kaso. A ɗauki matar da ta idar da sallar asuba ta hau shirya yara zuwa makaranta, ta tuna da ƙwayarta a daidai lokacin da ta zauna karyawa, ta jefa ta a baki ta kora da shayi mai kauri da madara, ta bi da burodi ko awara. A takarda tana shan 100, amma abin da yake isa jininta bai kai haka ba, domin sinadarin kalsiyam da ke cikin madara da nono yana riƙe maganin, waken suya da ake yin awara da shi yana rage tsotsarsa, kofi ma haka. Da za ta ajiye ƙwayar da kofin ruwa kusa da dardumarta ta sha da ta tashi, ta bar rabin awa zuwa awa ɗaya kafin ta ci wani abu, mai yiwuwa TSH ɗinta ya sauko ba tare da an ƙara mata ko mikirogiram ɗaya ba. Wanda safiya ba ta yi masa ba yana iya mayar da shi lokacin kwanciya, muddin an yi aƙalla awa uku da cin abincin dare. Abin da ya fi muhimmanci shi ne a tsaya a kan tsari ɗaya, domin a kan wannan tsarin ne aka daidaita adadin.

Magunguna ma suna da nasu tasirin, kuma ta hanyoyi daban-daban. Ƙwayar ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe, da ƙwayar kalsiyam, da farin ruwan maganin ƙwannafi da ake saye a kemis, duk suna kama lebotayiroksin a cikin hanji, shi ya sa ake son a raba su da shi da awa huɗu. Magungunan gyambon ciki irin su omefirazol suna rage tsamin ciki wanda ƙwayar take buƙata kafin ta narke da kyau. Rifamfisin da ake bai wa masu tarin fuka, da wasu magungunan farfaɗiya irin su kabamazefin da fenitoyin, suna sa hanta ta riƙa kawar da sinadarin da sauri, don haka mai shan su yakan buƙaci ƙari, kuma ya buƙaci a rage masa idan ya gama. Akwai kuma biyotin, wanda ake sawa a ƙwayoyin gyaran gashi da farce. Shi ba ya taɓa tayirod ko kaɗan, amma yana ruɗar da na'urar awo a ɗakunan gwaji da yawa har sakamako ya nuna kamar maganin ya yi yawa, don haka ake dakatar da shi aƙalla kwana biyu kafin a ɗebi jini. Sannan akwai abin da marasa lafiya ba su cika son faɗa ba, wato tsallake kwanaki saboda mantuwa ko tsadar magani, sai a dage da sha idan ranar awo ta matso. Jini yakan tona wannan, domin sai a ga T4 daidai ko ma sama, TSH kuma yana can sama bai sauko ba.

Watan azumi yana birkita tsarin gaba ɗaya, tun da babu cikin da babu komai sai da rana. Hanyoyin da ake bi uku ne: a tashi da wuri a sha rabin awa ko fiye kafin sahur, ko a buɗe baki da ruwa da ƙwayar a jinkirta abinci, ko a sha lokacin kwanciya bayan abincin buɗa-baki ya daɗe da wucewa. Kowace tana da wahalarta, kuma ta biyun ta fi wuya ga wanda ya yini da yunwa ga kunu da ƙosai a gabansa. Ba abin mamaki ba ne TSH ya ɗan hau bayan Ramadan, kuma ya fi dacewa a jira makonni shida bayan an koma tsarin da aka saba kafin a yanke hukunci a kan wannan sakamako. Haka nan awon da aka yi a tsakiyar zazzaɓi mai tsanani ko kwanciyar asibiti ba abin dogaro ba ne.

Ita kanta ƙwayar tana iya zama matsalar. Lebotayiroksin ba ya jure zafi da haske da laima, kuma kwalayensa da yawa suna cewa a ajiye shi ƙasa da digiri 25, alhali a bazarar Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram zafi yana haura 40. Ƙwayar da ta yi watanni a shago mai rufin kwano, ko a aljihun mota, ba lallai ne ta riƙe ƙarfin da aka rubuta a jikinta ba. Sauya kamfani ma yana da tasiri, domin tazarar da ke tsakanin adadin da ya isa da wanda ya yi yawa ƙarama ce. A watan Maris na 2017, bisa buƙatar hukumar magunguna ta Faransa, kamfanin Merck ya sauya kayan haɗin ƙwayar Levothyrox, wadda kusan mutum miliyan uku suke sha a ƙasar, ba tare da ya taɓa ainihin sinadarin ba. Dubban mutane suka kai ƙorafin kasala da ciwon kai da jiri da zubewar gashi, har aka dawo da tsohon haɗin na wani lokaci, maganar kuma ta kai kotu. Idan haka ta faru a inda aka san ainihin abin da aka sauya, wanda yake sayen duk samfurin da ya tarar a kemis kowane wata ya fi cancantar ya nemi tsayawa a kan samfuri ɗaya, in kuma dole ta sa ya sauya, ya sake awo bayan mako shida.

Juna biyu kuwa wuri ne da ba a jira. Ɗan tayi yana dogara ne da sinadarin mahaifiyarsa a watannin farko, domin tayirod ɗinsa ba ta fara aiki sai wajen mako na 12, ba ta kuma kankama sai kusan tsakiyar goyon ciki, alhali ƙwaƙwalwarsa tana ginuwa tun kafin nan. Buƙatar uwa takan ƙaru da kashi 25 zuwa 50 cikin ɗari, kuma tana fara hawa tun makonnin farko. Shawarar da ƙungiyar likitocin tayirod ta Amurka ta bayar a 2017 ita ce mace mai shan maganin, da ta tabbatar tana da ciki, ta ƙara ƙwaya biyu a mako, wato tara maimakon bakwai, ta kuma sanar da likitanta nan da nan, sannan a riƙa auna TSH kowane mako huɗu har zuwa tsakiyar cikin. Wasu mata suna yin akasin haka, su daina maganin don tsoron kada ya cutar da jariri, alhali dainawar ce take ƙara haɗarin ɓari da haihuwar bakwaini. A wurin awon ciki kuma za a ba ta ƙwayar ƙarin jini, wadda idan ta haɗa ta da lebotayiroksin a lokaci guda za ta cinye ƙarin da aka yi mata. Bayan haihuwa sai ta koma adadinta na da, a sake awo bayan mako shida, kusan daidai da lokacin arba'in.

Yawan magani ya fi ƙarancinsa yaudara, domin a farkonsa mutum yana jin ƙarfi da kuzari, wani ma ya ɗan rame ya ji daɗi. Amma TSH da ya daɗe a ƙasa yana ƙara haɗarin rikicewar bugun zuciya, wanda yake iya kai wa ga shanyewar ɓarin jiki, kuma yana zaizaye ƙashi, musamman ga matan da al'ada ta ɗauke musu. Masu shan maganin don rage ƙiba garin neman gira suke rasa ido, kuma hukumar magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi a kan haka a takardar maganin. Ga tsofaffi, TSH yana ɗan hawa da shekaru ko da lafiya lau suke, don haka likitoci da yawa ba sa matsa wa lambar ɗan shekara 75 ta sauko irin ta ɗan shekara 30. Wani bincike mai suna TRUST da aka wallafa a 2017 ya bi mutum 737 masu shekara 65 zuwa sama a ƙasashen Turai huɗu, waɗanda TSH ɗinsu ya ɗan hau amma T4 yana daidai, kuma bayan shekara guda ba a ga bambanci a kasala ko sauran alamomi tsakanin waɗanda aka ba maganin da waɗanda aka ba ƙwayar da ba ta da komai ba. Shi ya sa a irin wannan ƙaramin hawa, muddin bai kai 10 ba kuma babu juna biyu, sau da yawa maimaita awo ake yi kafin a ɗora wa mutum maganin da zai iya zama na tsawon rai.

Akwai waɗanda lambarsu ta daidaita amma suna nan da kasala. Ƙorafinsu gaskiya ne, sai dai ƙara lebotayiroksin ba kasafai yake warware shi ba. Ƙarancin jini, da ciwon suga, da damuwa, da rashin isasshen barci duk suna kama da raunin tayirod, kuma ya kamata a neme su. An gwada haɗa T4 da ƙwayar T3 a bincike da dama, amma sakamakon bai nuna fifiko mai ɗorewa ba, don haka ƙwararren likita ne kawai yake gwada shi ga zaɓaɓɓun mutane, ba kuma a ba mai ciki.

Duk bayanin da ya gabata a kan TSH yana rushewa idan matsalar daga fituwitari take. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne matar da ta zubar da jini mai yawa a wurin haihuwa har fituwitarinta ta lalace, abin da likita Harold Sheehan ya bayyana a 1937. Irin wannan mata takan rasa ruwan nono, al'adarta ba ta dawowa, sannan kasala ta riƙa cin ta shekara da shekaru. A jininta T4 yana ƙasa, amma TSH yakan fito daidai ko ƙasa, tun da mai kiran ce ta rasa murya, kuma wanda ya duba TSH kaɗai zai sallame ta ya ce lafiyarta ƙalau, ko ya rage mata maganin da take buƙata. A wurinta da awon T4 ake daidaita adadi. Kafin ma a ba ta ƙwaya ta farko sai an duba sinadarin kotizol, wanda yake taimaka wa jiki jure wahala da rashin lafiya, domin fituwitarin ce take kula da shi, kuma idan ya yi ƙaranci aka fara lebotayiroksin ba a cike shi ba, jininta yana iya faɗuwa warwas har rayuwarta ta shiga haɗari.